Yashin da ke cin bidiyon dare: daga ina yake fitowa, kuma me ke rage shi

Yawancin abin da mutanen Zariya ke kiran mai kyamara ya ɗauka musu, sai rana ta faɗi ake yin sa. Tafsirin bayan sallar asham, majalisin maulidi, dina a ɗakunan taro na Sabon Gari, kai amarya ta lungunan cikin birni, wasan kwaikwayon ɗalibai a Samaru. In aka cire hawan sallah da ɗaurin aure, da wuya rana ta taya mai ɗauka aiki. Shi ya sa ƙorafin da aka fi yi wa masu wannan sana'a iri ɗaya ne: hoton ya yi yashi. Wasu ƙananan ɗige-ɗige suna ta tafasa a fuska da bango da duk inda duhu ya kwanta, wasu toka-toka, wasu ja da kore, abin da masu aikin ke ce wa noyis. Mai biki ya ce kyamarar ce ba ta da kyau. Mai kyamara ya yarda, ya shiga tara kuɗin sabuwa, ko ya kai tasa a buɗe masa ita alhali lafiyarta lau.

Mafi yawan wannan yashi ba daga lalacewar kyamara yake ba, daga ƙarancin haske ne. Kuma akwai wasu cututtukan hoto da suke kama da shi a ido, amma asalinsu daban, maganinsu ma daban. Wanda bai iya rarrabe su ba zai yi ta kashe kuɗi a inda ciwon ba ya nan.

A bayan lensi, wato gilashin gaban kyamara, akwai wani ɗan faranti mai kusurwa huɗu da ake kira sensa. An yanka shi gida-gida har miliyoyi, kowane gida shi ne fiksel, kuma aikinsa ɗaya ne: ya tara hasken da ya faɗo masa, ya mayar da shi lantarki, a auna. Shi kuwa haske ba a dunƙule yake zuwa ba. Ƙwaya-ƙwaya yake sauka, kuma saukar ba ta da tsari. A jera kwanuka iri ɗaya a tsakar gida lokacin yayyafin farkon damina, a kwashe su nan take: wani ya samu ɗigo uku, wani bakwai, wani ko ɗaya bai samu ba, alhali sama ɗaya ce a kansu. In kuwa aka bar su cikin mamakon watan Agusta, da ƙyar ido zai ga bambanci tsakaninsu. Haka gidajen sensa suke. Bango ɗaya, fenti ɗaya, amma a cikin duhu wannan fiksel ya samu kaza, maƙwabcinsa ya samu wani abu daban, a firem na gaba kuma, wato hoto na gaba cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, rabon ya sake canzawa. Wannan canzawar ita ce tafasar da muke gani.

Abin yana da lissafi mai sauƙi, kuma wanda ya riƙe shi ya riƙe rabin sana'ar dare. Girman saɓanin shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin ƙwayoyin da aka tara. Fiksel ɗin da ya tara ƙwaya 100 zai riƙa tangaɗi da kimanin 10, sama ko ƙasa, wato kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu. Wanda ya tara 10,000 tangaɗinsa 100 ne, kashi 1 cikin 100 kacal. Ke nan sai an ninka haske sau 4 kafin tsabtar hoto ta ninku sau 2. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Walter Schottky, ya bayyana irin wannan tangaɗi a cikin gudanar lantarki tun 1918, kafin a yi mafarkin kyamarar dijital. Ba aibin wani kamfani ba ne, kuma ba wanda zai ƙera kyamarar da ta kuɓuta daga gare shi, domin a cikin hasken kansa yake.

Akwai kaso na biyu wanda shi kam na kyamara ne. Duk lokacin da aka karanta abin da fiksel ya tara, aka ƙara masa ƙarfi, aka mayar da shi lamba, wayoyin cikin na'urar suna ƙara nasu ɗan gurɓin. A nan ne masu ƙira suka yi ta fama tun daga sensar farko irin ta CCD da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Amurka a 1969, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2009, har zuwa irin ta CMOS da ke cikin kusan kowace kyamara da wayar hannu a yau. An rage wannan kaso ƙwarai. Da rana ba a ma san da shi ba. Sai a wuri mafi duhu na hoton, inda ƙwayoyin hasken ba su taka kara sun karya ba, yake fitowa fili.

Daga nan ne ake yi wa ISO, wato lambar saitin da ake ɗagawa don hoto ya ƙara haske, mummunar fahimta, kuma a kan wannan nake da ja da wata al'ada da ta yi ƙarfi a wajen masu ɗaukar biki. Mutane da yawa sun ɗauka ɗaga ISO yana sa sensa ta ƙara jin haske, wasu kuma sun ɗauka shi ne yake haifar da yashi. Duka biyun ba haka ba ne. Ƙwayoyin da suka faɗo sun riga sun faɗo. Abin da ISO ke yi shi ne ƙara ƙarfin abin da aka tara, mai kyau da maras kyau gaba ɗaya. Hoton ISO 6400 ya fi na 400 yashi ne saboda ba a zuwa 6400 sai wuri ya yi duhu. Amma sai ka ga maigida ya kafa wa yaronsa doka kada ya kuskura ya wuce 400 ko 800, yaro ya dawo da hoto baƙi ƙirin, a ce a kwamfuta za a haska shi. Wannan ya fi ɗaga ISO muni nesa ba kusa ba. Ƙarin ƙarfin da aka yi a cikin kyamara yana zuwa ne da wuri, kafin a mayar da hoton lamba, kafin a matse shi a jefa a memori. Wanda aka yi a kwamfuta kuwa yana zuwa bayan ɓarna ta auku. Galibin kyamarorin da ke hannunmu matakin haske 256 kawai suke ajiyewa daga baƙi zuwa fari, in ban da masu tsada da ke ajiye 1024. Idan duk fuskar mutum ta takure a 'yan matakan ƙasa, to komai jan da aka yi mata daga baya, abin da za a samu shi ne yashi da dabbare-dabbare. Abin da ɗaga ISO ke ci wa mutum shi ne ɓangaren fari: ƙwan fitila da farar riga sun fi saurin ƙonewa. Wannan shi ne cinikin gaskiya, kuma a daren biki sau da yawa ya cancanci a yi shi.

Wasu kyamarorin ma suna da hanyar karatu biyu a cikin sensa ɗaya, ɗaya ta rana, ɗaya ta duhu. Blackmagic Pocket 4K da ta fito a 2018 tana da tushe a ISO 400 da 3200, kuma tana sauka kan hanya ta biyun ne daga 1250, shi ya sa duhun hotonta a 1250 ya fi na 1000 tsabta. Panasonic GH5S tana da 400 da 2500. Sony A7S III, in ana ɗauka da saitinta na S-Log3, ta fi tsabta a 12800 fiye da 'yan matakan da ke ƙasa da shi. Mai irin wannan kyamara da ya tsaya dab da ƙofar hanya ta biyu saboda tsoron babbar lamba, ya zaɓi wuri mafi muni da hannunsa.

To tunda haske ne tushen, ta ina ake ƙara shi? Ƙofa ta farko lokaci ce, kuma ita ce bidiyo ya fi ƙuntata a cikinta. Mutane kan yi mamaki yadda waya ke ɗaukar hoton dare tsaf amma bidiyonta ya fito kamar an watsa masa ƙasa. Hoto yana iya barin sensa a buɗe daƙiƙa guda ko fiye, ko waya ta ɗauki hotuna da yawa ta haɗe su wuri ɗaya. Bidiyo kuwa sai ya cika firem 25 a kowace daƙiƙa, don haka ba firem ɗin da zai samu fiye da 1/25 na daƙiƙa, kuma al'adar aiki ita ce 1/50 don motsi ya yi kyau. Idan malami ne zaune yana karanta tafsiri, ba ya motsa komai sai hannu da baki, ba laifi a sauka 1/25, haske ya ninku sau 2 kyauta. In rawa ce, hannaye za su narke. Abin da ya fi cin mutane a nan shi ne ɗaukar da ke nuna motsi a hankali, wadda ake so a yi wa shigowar amarya. Wanda ya koma firem 100 a daƙiƙa, shota, wato lokacin da kowane firem ke samu ya tara haske, ta koma 1/200, ya zubar da kashi uku cikin huɗu na haskensa a daidai lokacin da kowa zai fi maimaita kallo.

Ƙofa ta biyu lensi. Wanda ake haɗo kyamara da shi, mai 18-55, yana buɗewa f/3.5 in an buɗe fili (lambar f ma'aunin ƙofar lensi ce, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa), amma da zarar an jawo hoto zuwa ƙarshe sai ya tsuke zuwa f/5.6. Mai ɗaukar da ya tsaya can bayan taro yana jawowa ya yi asarar fiye da rabin haskensa bai sani ba. Ɗan lensin 50mm mai f/1.8, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabuwar kyamara ba, yana shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6. Wurin da ake fama a ISO 6400 sai ya dawo wajen 640. Da wuya sabuwar kyamara ta ba mutum irin wannan tsalle. Sai dai yana da sharaɗi: in an buɗe shi duka, zurfin abin da ke fitowa sarai yana raguwa, ango ya fito ras, amaryar da ke taku ɗaya a bayansa ta yi dishi-dishi. In mutum biyu ko uku ne a hoto, f/2.8 ya fi kwanciyar hankali.

Girman sensa ma yana da tasiri, ba a musun wannan. Babbar sensa mai milimita 36 da 24 ta ninka ta ƙananan kyamarorin hannu, mai kimanin milimita 6 da 4.5, kusan sau 30 a faɗi, kuma faɗi shi ne yawan abin da ake tarawa. Amma a lura da tsofaffin kyamarorin hoto da aka mayar na bidiyo tun bayan fitowar Canon 5D Mark II a 2008, irin su 600D da 60D da ake sayowa na hannu. Wajen ɗaukar bidiyo ba sa karanta sensar duka, suna tsallake layuka ne, don haka wani kaso na hasken da ya faɗa musu ba ya shiga lissafi. Shi ya sa hotonsu na dare ke da kyau, bidiyonsu bai kai shi ba.

Ƙofa ta uku ita ce fitilar kanta, kuma ita aka fi rainawa. Ƙarfin haske yana raguwa da nisa fiye da yadda ido ke zato: fitilar da ke mita 4 daga fuska, in aka matso da ita mita 2, haskenta a fuskar ya ninku sau 4. Matsalar ita ce ba wanda ke son a dallare masa ido, kuma jama'a suna da gaskiya. A wani ɗakin taro, ana tsakiyar dina, uban ango ya yafito mai kyamara ya ce, “Malam, rage fitilar nan, tana shiga idon mutane.” Shi kuwa ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, bari in juya ta.” Bai kashe ba, bai rage ba, ya ƙara mata ƙarfi ma, ya ɗaga ta ta kalli farin silin. Hasken ya dawo ƙasa a baje, ya kwanta a goshi da kumatu, inuwar da ke bayan kujeru ta yi laushi, ba wanda ya sake kare ido da hannu. Farin bango, farin silin, ko farin kwali a hannun yaro, duk suna yin wannan aikin.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, wanda littattafan da ke zuwa da kyamara ba sa yin maganarsa. Ma'aunin haske na cikin kyamara, in an bar shi a oto, yana ƙoƙari ne ya mayar da matsakaicin duk abin da ya gani ya zama toka-toka. A taronmu kuwa me ke cika firem? Farar shadda, babbar riga mai sheƙi, farin rawani, wani lokaci da ƙwan fitila a bayan mutum. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske don ta ceci rigar. Fuskar da ke tsakanin rawani da wuyan riga, wadda dama ba ta mayar da haske kamar yadda farin yadi ke yi, sai ta gangara can ƙasa, daidai unguwar da yashi ke zaune. A ƙarshe a samu bidiyon da kowane zare na riga ya fito, amma dattijon da ke cikinta ba a gane idonsa. Ni a ganina wannan ita ce asara mafi girma a aikin, domin bayan shekara ashirin jikoki ba rigar za su nema ba. Dole mai ɗauka ya ƙwace hukunci daga hannun oto, ya auna haske a kan fuska, ya bar riga ta je dab da ƙonewa in ta kama. Alamar zebra da ke cikin saiti, wadda ke zana layuka a inda fari ya kusa ƙonewa, don wannan aka yi ta. Kuma kada a yarda da ƙaramin sikirin na bayan kyamara. A cikin duhu yana haska ido, ya sa hoto mai duhu ya zama kamar ya ƙoshi, ƙanƙantarsa kuma tana ɓoye yashi. Sau nawa yaro zai ce, “Oga, wallahi a sikirin yana da kyau,” kuma gaskiyarsa ya faɗa. Histogiram, wato ɗan zanen da kyamara ke nuna rabon duhu da haske na hoto da shi, shi ne shaidar da ba ya canzawa da duhun ɗaki.

Launin fitila ma yana da hannu. Gidajen sensa ba sa ganin launi da kansu. An lulluɓe su ne da wani tsarin tacewa da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, inda rabin gidajen ke karɓar kore, kwata ja, kwata shuɗi. Ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa, ko wutar mai tsire, ko fitilar kananzir, shuɗin da ke cikinsu kaɗan ne. In aka tilasta wa kyamara ta mayar da irin wannan haske fari fat, sai ta ƙara wa ɓangaren shuɗi ƙarfi sosai, yashinsa ya taso tare da shi. Gara a bar hoton da ɗan ɗuminsa. Mafi wahala su ne fitilun ado masu shuɗi da shanshanbale da masu kwalliyar ɗakin biki ke so. In shuɗi zalla ne ke haska wuri, kusan kwatan gidajen sensa ne kaɗai ke aiki sosai, fuskar amarya ta fito da dabbare-dabbaren da ba manhajar da za ta gyara. Maganin wannan magana ce da mai kwalliya tun kafin baƙi su iso: a bar shuɗin a bango da labule, a ajiye farar fitila ɗaya a kan kujerar ango da amarya.

Duk wannan a kan yashi na gaskiya ne. Sauran masu kama da shi, tambaya ɗaya ke tona su: abin yana tafasa ne, yana tafiya, ko a tsaye yake wuri ɗaya?

In layuka ne masu faɗi, haske da duhu, suna gangarawa ko hawa a hankali, ko hoton duka yana ƙyaftawa, to ba sensa ba ce, wutar lantarki ce. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙara haske su rage sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na gani. Shota 1/50 ko 1/100 tana tafiya daidai da wannan bugun. Kyamarar da aka sayo daga Amurka, inda wutarsu 60 ce, takan zo a saite a tsarinsu na NTSC da firem 30 da shota 1/60, sai layuka su fito. A mayar da ita tsarinmu na PAL, firem 25, shota 1/50, magana ta ƙare. Janareta ya fi rikitarwa. Ƙananan injinan nan sai sun yi juyi 3000 a minti kafin su ba da 50 daidai, kuma da an ɗora musu lasifika da fanka da firiji sai gudunsu ya riƙa hawa da sauka. Layukan da ba su nan ɗazu sai su bayyana da aka koma inji. Wasu kyamarorin suna da saitin da ake matsa shota kaɗan-kaɗan har layin ya tsaya, Panasonic na kiransa Synchro Scan, Canon kuma Clear Scan. Wanda ba shi da wannan, fitilarsa mai batir ita ce mafita, ya sa ta rinjayi ta ɗakin a kan fuska. In kuma siraran layuka ne suka bayyana bayan an jona kyamara da caja ko da waya zuwa kwamfuta don watsa tafsiri kai tsaye a Facebook, a cire komai a koma batir zalla a gani. In sun ɓace, laifin caja ne ko wayar.

In ɗigo ne ɗaya ko kaɗan, ja wur ko shuɗi ko fari, a tsaye wuri ɗaya duk inda aka juya kyamara, wannan fiksel ne da ke zubar da lantarki ko ba haske. Zafi na ƙara su. Lantarkin da zafi ke haifarwa a cikin sensa yana ninkuwa da ƙarin kimanin digiri 6 zuwa 8, kuma wanda ya san Zariya a watan Maris da Afrilu ya san abin da kyamarar da ta wuni a mota, sannan ta yi awa biyu tana ɗauka ba hutawa, take ciki. A buɗe sikirin ya rabu da jikinta don ta sha iska, a kashe ta tsakanin ɗauka. Yawancin kyamarori suna da hanyar rufe irin waɗannan ɗigo da kansu: Sony na da Pixel Mapping, Panasonic na da Pixel Refresh, manyan kyamarorin fim kuma suna da daidaita baƙi da ake yi da murfi a rufe. Aikin minti ɗaya ne. Tabo mai duhu-duhu, maras kaifi, wanda ya fi fitowa in an tsuke lensi zuwa f/16 aka kalli sama, wannan ƙura ce a kan sensa, kuma duk mai canza lensi a fili lokacin hunturu zai haɗu da ita.

Akwai kuma sakaci zalla. An wuni ana ɗaukar hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau cikin rana, an sa baƙin gilashin rage haske na ND, dare ya yi an manta shi a kai. Ko an bar saitin ƙara kaifi a sama, wanda ba ya bambance gashin ido da ƙwayar yashi, duka yake kaifafawa. Ko saitin da ke ɗaga duhu da kansa, irin Auto Lighting Optimizer na Canon da DRO na Sony. Ko an ɗauka da log, wato saitin da ke fitar da hoto a dushe don a gyara launinsa a kwamfuta, don an ji ana cewa shi ne na ƙwararru, alhali log yana bukatar haske wadatacce, kuma a kyamara mai mataki 256 cikin duhu ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Wanda yake zargin kyamararsa da gaske, ga gwajin da zai yi a ɗakinsa kafin ya kai ta ko'ina. Ya rufe murfin lensi, ya koma manuwal, shota 1/50, ya ɗauki daƙiƙa goma-goma a kowane ISO, ya haska su a kwamfuta. Tunda ba haske ko kaɗan, duk abin da ya gani na kyamarar ne. Yashi mai laushi da ya bazu ko'ina daidai, yana ƙaruwa da ISO, wannan lafiya ce. A nan ma zai gane matakin da hanya ta biyu ke farawa in tana da ita, da matakin da bai kamata ya wuce ba. Abin da ke nuna ciwo shi ne layi guda tsaye daga sama har ƙasa wanda ba ya gusawa, ko rabin hoton ya bambanta da ɗaya rabin, ko ɗigon da ya ƙi ɓacewa bayan an yi saitin rufe shi, musamman in ana ganinsu har a ƙaramin ISO. Waɗannan su ne na mai gyara.

Tacewa a kwamfuta tana taimakawa, ba na hana ta, amma a san abin da take ci. Hanya mafi kyau ita ce wadda ke kwatanta firem da waɗanda ke gabansa da bayansa: abin da ya tsaya hoto ne, abin da ya canza yashi ne. Haɗa firem 4 na rage yashi da rabi, lissafin nan dai na farko. Manhajojin Neat Video da DaVinci Resolve na kuɗi duk suna yin wannan. Matsalarta motsi: hannun mai liƙi ya bar inuwa a bayansa. Ɗaya hanyar tana shafe ɗigo da maƙwabtansa a cikin firem ɗaya, kuma ba ta san bambancin yashi da ƙananan zane ba. A garin da aka san shi da ɗinkin hannu na babbar riga, ana ganin ɓarnar nan da nan: aikin aska da aka yi watanni ana yi ya koma shafaffe, zanen hula ya narke, lallen hannun amarya ya zama tabo, fuska ta yi santsin da ba na mutum ba. A fara tacewa kafin gyaran launi da ƙara kaifi, a matsa wa yashi mai launi domin shi ne mai muni, a sassauta wa toka-toka. Sababbin manhajojin da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira kuwa, a yi hattara da su a kan fuskar mutane. Ba dawo da abin da ya ɓata suke yi ba, cike gurbin suke yi da abin da suka zata, har ido da haƙora su sauya kama. Gara fuskar tsoho ta fito da ɗan yashinta, amma tasa ce.

Mataki na ƙarshe shi ne inda aikin kirki da yawa ke lalacewa bayan ya bar hannun mai shi. Matse bidiyo, tun daga cikin kyamara har zuwa intanet, ya dogara ne da cewa yawancin hoto ba ya canzawa daga firem zuwa firem. Yashi kuwa kowane firem sabo ne, don haka yana cinye rabon bayanan da ya kamata a kashe a kan fuska. In rabon ya ƙare, sai duhu ya farfashe ya koma murabba'ai masu rarrafe. A cikin kyamara a zaɓi inganci mafi girma da memori zai ɗauka. Tsarin AVCHD na kyamarorin hannu, alal misali, bai wuce megabit 24 zuwa 28 a daƙiƙa ba, bai kamata a ƙara rage shi don tsimin memori ba. WhatsApp da Facebook suna sake matse duk abin da aka ɗora musu, kuma bidiyon dare ya fi kowanne shan wahala a hannunsu. Tun 2022 WhatsApp ya yarda a aika fayil har gigabait 2 a matsayin takarda, kuma abin da aka aika ta haka yana isa yadda yake. Ainihin aikin a miƙa shi a filashi. Wanda za a yaɗa a waya kuwa, kafin a ba mai biki, a yanko rabin minti daga wuri mafi duhu, a aika wa kai ta hanyar da dangi za su karɓa, a kalla a waya. In murabba'ai sun fito, a koma a ƙara tace yashi mai launi a wannan wurin, a sake fitarwa.